Amsa ga Hajiya kan shafin turarenta da ba ya fitowa a Google

Assalamu alaikum 'yan uwa. Hajiya, na saurari saƙonki. Kin ce an gina miki shafin intanet na turaren wuta da humra, kin biya kuɗi masu yawa, amma in kika nema a Google sai shafukan wasu ki ke gani, naki shiru. Na shiga na duba shi da kyau. Aikin ya yi kyau, hotunan ma sun fito. Matsalar tana cikin rubutun.

A saman shafin an rubuta "Kayan ƙamshi na alfarma domin mace mai aji". Magana ce mai daɗi, amma Hajiya, wace mace ce za ta ɗauki waya ta rubuta haka a wurin bincike? Wadda bikin ƙanwarta ya matso, abin da za ta rubuta shi ne "turaren wuta na amarya", ko "farashin humra", ko "inda ake sayar da turaren wuta a Kano". Na karanta shafin farko tun daga sama har ƙasa, kalmar humra sau ɗaya ta fito, ita ma a cikin hoto take, ba a rubuce ba. Turaren tsuguno da kulacca kuwa ba a ambace su ba sam, alhali kina sayar da su. Google rubutu yake bi. Abin da ba ki faɗa ba, da wuya ya kawo miki mai nemansa.

To ina za ki samo kalmomin? Wuri na farko yana hannunki. Ki buɗe saƙonnin masu sayen kayanki a WhatsApp, ki koma baya, ki kwafe yadda suke tambaya, da bakinsu, kar ki gyara musu. "Nawa ne kwalba ɗaya?" "Akwai mai kama jiki?" "Kina aikawa Abuja?" "Akwai na Maiduguri?" Yadda suke tambayarki haka suke tambayar Google. Za ki ga wasu suna rubuta humra, wasu khumra, wasu su haɗa Hausa da Turanci a layi ɗaya. Duk ki tattara su a littafi.

Na biyu, ki shiga Google ki fara rubuta "turaren wuta", ki dakata kar ki danna. Zai jero miki ƙarashen magana a ƙasa. Daga abin da mutane suke nema ya ɗauko su. In kin danna kuma, ki sauka can ƙasan sakamakon, akwai wasu.

Na uku shi ne babba, kuma kyauta ne: Google Search Console. Ki ce wa wanda ya gina shafin ya haɗa miki, kuma da imel ɗinki, don Allah, ba nasa ba, saboda shafin naki ne. A ciki za ki ga ainihin abin da aka rubuta har shafinki ya bayyana, sau nawa ya bayyana, sau nawa aka danna, da layin da yake zama a jerin sakamakon. Yana ajiye bayanan har na wata 16. Yadda za ki karanta shi kuma ba wuya. In kika ga kalma ta sa an nuna shafinki sau da yawa amma ba a dannawa, to wataƙila taken shafin da ke fitowa a sakamakon ne bai ja mutane ba, ki canja shi. In kuma akwai abin da ki ke sayarwa, ba ki gan shi a jerin ba ko kaɗan, to ba ki rubuta a kansa ba, ko kin kira shi da sunan da babu mai kira.

Sai gyara. Kowane kaya ki ba shi shafinsa: humra daban, turaren wuta daban, kayan amarya daban. Taken ya faɗi abin kai tsaye, kamar "Humra fara da baƙa, farashi da aikawa daga Kano". Ya zama gajere, don in ya wuce haruffa wajen 60 Google yakan datse shi. Kuma ki sa farashi. Na san 'yan kasuwarmu da yawa sun fi son a ce "yi mana magana ta waya", amma wadda ta rubuta "farashin humra" kuɗi take son gani, in ba ta gani ba komawa take ta danna na gaba.

Maganar ƙ, ɗ da ɓ: a jikin rubutu ki sa su yadda ya dace, Hausarmu ce. Amma a cikin linki ki bar su, ki sa k, d, b, saboda in aka kwafo shi zuwa WhatsApp sukan rikiɗe su koma alamomi da lambobi, sai ya yi kama da linkin damfara.

Abu ɗaya zan ja kunnenki a kai. Akwai masu cewa a cusa kalma ɗaya sau hamsin a shafi, ko a ɓoye jerin kalmomi a bayan fage. Kar ki biya kowa kuɗin wannan. Wurin ɓoye kalmomin nan da ake kira meta keywords, tun 2009 Google ya sanar ba ya duba shi wajen jera shafuka, cushen kalmomi kuwa yana cikin abin da dokokinsa suka hana, yana iya jawo a tura shafin baya. Ki rubuta kamar kina yi wa mai saye bayani a shago, sunan kayan ya fito inda ya dace.

Ba a ganin sakamako a kwana biyu, yakan ɗauki makonni. In an haɗa miki Search Console ɗin, ki ɗauki hoton jerin kalmomin ki turo nan, sai mu duba tare mu ga shafin da za a fara gyarawa.