Tambaya da Amsa: Fetur na tsartuwa ta ramin gefen jirgin ruwa idan muna shan mai

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ina muku fatan alheri. Ni yaron jirgi ne a Legas, jirgin fiba ne na ogana muna ɗaukar fasinja daga Ikorodu zuwa cikin gari, tankinsa a ƙasan daɓen jirgin yake kuma lita 200 yake ci. Matsalar ita ce duk sanda muka zo shan mai, da ya kusa cika sai kaga fetur yayi tsartuwa ta wani ɗan rami dake gefen jirgin ya zuba a ruwa, oga yayi ta faɗa wai ni nake ja masa asara. Wani abokin aikina yace in samu roba in toshe ramin kowa ya huta. Shin in toshe? Daga wani mai karatu a Ikorodu.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina. Don Allah kar ka toshe ramin nan, ko da wasa. Ta nan tankin yake numfashi, mai yana shiga iska tana fita, in kuma inji yana jan mai iska ta koma ciki ta nan ɗin dai. Ka toshe shi, ranar shan mai iskar ba ta da hanya sai ta bakin da kake ɗurawa, sai ta taho da fetur ta watsa maka a fuska, a kan hanya kuma injin ya riƙa shaƙewa har ya mutu muku a tsakiyar ruwa da fasinja a ciki.

Toh me ke kawo tsartuwar? Ka duba buta, in ka cika ta fiye da ƙima ai ta hancinta ruwan ke fita, haka tankin nan yake. Tiyon da mai ke shiga yana da faɗi, yawanci inci ɗaya da rabi, shi kuwa tiyon numfashin siriri ne bai fi inci 5/8 ba, famfon gidan mai kuma yana iya turo lita 30 zuwa 40 a minti ɗaya, kaga kenan iska mai yawa ce ke rige-rigen fita ta ɗan siririn tiyo, fetur ɗin yana kumfa, da tankin ya kusa cika kumfar ce ke fara hawa sannan man ya biyo baya. Kuma kar ka dogara da cewa kan famfon zai katse da kansa kamar na mota, a jirgi sau da yawa kafin ya katse mai ya riga ya fita ta gefe.

Abu na farko shine ka daina cika shi taf. Lita 180 ta ishe ku, wato kashi 90 cikin 100. Ba don tsartuwa kaɗai ba, fetur yana kumbura da zafi, lita 200 in zafinta ya ƙaru da digiri 10 sai ta ƙara wajen lita 2, shi yasa wani zai cika tanki da sassafe babu abin da ya zuba, rana na take sai ya ga mai yana ɗiga ta ramin jirgin na tsaye ba kowa a ciki. Kafin a fara ka san lita nawa ta rage, ka faɗa wa mai sayarwa adadin da kake so, kar kace masa "cika shi". Geji yana ƙarya musamman in jirgi na lilo a kan ruwa, gara ku riƙa rubuta litar da kuka sha da zuwa nawa kuka yi da ita.

Sannan ka koyi sauraro, wannan shi yafi komai amfani a wajena. Ka kasa kunne kusa da ramin lokacin da mai ke shiga zaka ji iska na fita fuuu, da ya kusa cika sautin zai canza ya koma kamar ɓul-ɓul ko ya yi siriri, toh nan take a sassauta famfo a koma rabin gudu ko a tsaya gaba ɗaya. Ku zama ku biyu, ɗaya na riƙe da kan famfo ɗaya na wajen ramin da tsumma a hannu. A sauke fasinja tukuna, domin in mutane suka taru a gefen da ramin yake jirgin zai karkata, mai ya riski bakin tiyon tun tanki bai cika ba.

In kun yi duk wannan amma yana tsartuwa tun tanki na rabi, toh laifin tiyon ne, ku kira makanike ya buɗe ya bi shi daga tanki har gefen jirgi. Ya kamata ya riƙa hawa sama ne kawai, in ya saki ya yi ciki a tsakiya mai yana kwanciya a wajen, washegari kuna fara ɗurawa iska ta tunkuɗo shi waje. A ɗaure shi ya miƙe, a duba ko ya lanƙwashe. A leƙa bakin ramin ma, akwai 'yar ragar ƙarfe a ciki wadda gishirin ruwan Legas ke cinyewa ko ya toshe, zanzaro ma yana son gina ɗakinsa a irin wajen. Akwai kuma wata 'yar na'ura da ake haɗawa a tsakiyar tiyon, tana barin iska ta wuce ta mayar da mai cikin tanki, kamfanin Racor na yin irinta, in oga zai saya ba asara bace, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowace lita da ta zuba kuɗi ne masu ciwo.

Idan ya riga ya zuba kar ka watsa masa Omo. Na san ana yi don ƙyallin ya ɓace daga saman ruwa, amma man bai tafi ko'ina ba, sabulun narkar da shi yake cikin ruwan da masunta ke kamun kifi. A tsane abin da za a iya da tsumma, tsumman kuma a fita da shi daga jirgi. In zubar ta yi yawa a sanar da jami'an LASWA (hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar Legas) ko NIWA (takwararta ta tarayya) dake tashar. Kuma tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasan jirgi yake gangarawa ya kwanta, saboda haka inji a kashe, ba sigari, ba taɓa wayar batir, bayan an gama a buɗe murafen ƙasa a sunsuna, in jirgin na da fankar fitar da tururi daga ƙasansa a kunna ta minti 4 kafin a tada inji.

TAMBAYA: Malam mu nan Yauri jan tankin roba muke amfani da shi a kwale-kwale, in rana ta yi sai ya kumbura, ina kwance ɗan kusan dake kan murfin sai mai ya fito. Ya zan yi?

AMSA: Malam, ɗan kusan nan shine ramin numfashin naku, kuma cikawa kuke yi da yawa. Ka fito da tankin ka ajiye a ƙasa a bakin gaɓa kafin ka ɗura, da mazurari, ka bar kamar yatsa uku tsakanin mai da baki. In zaka ɗauka ka ɗaure kusan, in ka ajiye shi daidai a cikin kwale-kwale ka kwance a hankali iskar ta fita kafin ka tada inji, ka kuma yi masa inuwa da katako amma kar katakon ya danne murfin. In robar dake cikin murfin ta tsage a canza ta, ɗaura leda ba ya tare fetur.