Atam zai iya gwada ka'idar fiziks kuwa?

Malam, ka tambaya ko atam zai iya gwada manyan ka'idojin fiziks ba sai da katafaren inji irin na CERN, babbar cibiyar binciken fiziks ta Turai, ba. Sosai ma kuwa. Akwai wani ƙarfi mai rauni da ke bambanta hagu da dama, yana ɗan taɓa ilektiron (ƙwayar da ke kewaya cibiyar atam) idan ya ratsa cibiyar atam, kaɗan ne ƙwarai amma a atam mai nauyi ya fi fitowa, shi ya sa a 1997 su Carl Wieman a Boulder ta Amurka suka haska wa atam mai nauyi na sinadarin siziyam hasken leza suka auna tasirin wannan ƙarfi, kuskuren bai wuce kashi 0.35 cikin ɗari ba. Da aka gyara lissafi sai sakamakon ya dace da Standard Model, wato babbar ka'idar fiziks kan ƙananan ƙwayoyin halitta. A kan tebur fa aka yi gwajin, wallahi abin na burge ni.