Shin sai da injin sassaƙa ƙarfe zan iya tsaga kuba?

Wani matashi mazaunin Jidda ya aiko da tambaya: yana son ya riƙa tsaga gefen zuciyar kuba, wato ɓangaren da ake zura wa mabuɗi, yadda za a ga fil-fil ɗin ciki suna hawa da sauka idan an zura mabuɗi. Ya sayi ƙaramin injin sassaƙa ƙarfe ne, ko kayan hannu sun wadatar?

Ƙanena, riƙe riyalolinka tukuna. Abin da ke kashe wannan aiki faɗin tsaga ne, kuma inji ba zai koya maka shi ba. Irin kubar da ke yawancin ƙofofinmu ta samo asali ne daga ƙirar Linus Yale ƙarami ta shekarun 1860: ramuka biyar ko shida a jere, kowanne da fil na ƙasa, fil na sama da sifirin. Kaurin fil bai cika milimita 3 ba. Tsagarka kuwa dole ta fi shi siranta, ta zama taga kawai. Da zarar ta kai faɗinsa, sifirin zai tunkuɗo shi waje, kubar ta tashi aiki.

Don haka ka je Harajin Sawarikh, kasuwar gwanjon nan ta Jidda, ka tsinto tsofaffin zuciyoyi, kowace da mabuɗinta. Ka ɗan karce gefe: in ka ga rawaya har ciki, tagulla ce, tana bin magagari da sauƙi. In toka-toka ta bayyana a ƙarƙashin fenti, ajiye musu kayansu, gutsurewa take yi. Masu tsadar nan ma ka kauce musu, domin ana dasa musu taurin ƙarfe don hana huda, zai cinye maka haƙoran magagari.

Kafin ka yanka komai, kwance ta. Ka zuba fil-fil ɗin kowane rami daban, bisa tsarinsu, don in suka cakuɗe mabuɗin ba zai juya ba. Sannan ka matse gangar jikin, ka bi ta da siririn magagari sannu a hankali, ka share ƙaiƙayin tagullar da ya maƙale cikin ramukan. Wannan sharar ce mutane ke rainawa, alhali rashin yin ta ke sa fil ya cije. Ka sa tabarau na kariya, don Allah.

Inji yana da ranarsa, idan ka fara yin da yawa kana son tsaga miƙaƙƙiya iri ɗaya. Ranar da za ka saya, duba wutar gidanku tukuna, domin wasu tsofaffin gine-gine na nan da wuta mai ƙarfin bolt 127, kada ka sayo injin da bai dace da ita ba.