Naman kaza a gasar masu lambun unguwa

Wata baiwar Allah daga Samaru, Zariya, ta rubuto cewa ƙungiyar masu lambun gida ta unguwarsu ta sa gasa, kowa zai kawo abin da ya noma. Ita ba ta da fili sai ɗan ɗakin ajiya, kuma tana sha'awar naman kaza. Ko zai yiwu?

Zai yiwu, Hajiya, ɗakin nan ma ya fi miki fili, don naman kaza ba ya son rana. Ki nemi nau'in da masana ke kira Pleurotus, shi ya fi jure yanayinmu. Irinsa ana rainonsa ne a jikin ƙwayar dawa cikin kwalba, kuma cibiyoyin bincike irin FIIRO da ke Oshodi a Legas suna aikinsa. Ki tabbata cikin kwalbar ya zama fari fat. In kin ga kore ko baƙi a ciki, kada ki biya.

Ki daddatsa karan shinkafa, ko ki samo garin katako ki haɗa da 'yar dusa, ki jiƙa. Ki dunƙula a hannu: in ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, ya yi daidai, in ruwa ya tsiyayo, ya yi yawa. Ki cusa a leda mai kauri, ki turara cikin durom na awa huɗu zuwa shida. Nan ne mutane ke ha'inci don tsadar itace, su tashi da buhu cike da koren fumfuna. Sai ya huce sarai za ki wanke hannu ki zuba irin, ki ɗaure, ki ajiye a duhu. Cikin mako uku zuwa huɗu farin zare zai mamaye ledar. Daga nan ki tsaga ta da reza, ki bar ɗan haske da iska su shiga, ki riƙa yayyafa ruwa a bango da ƙasa sau biyu ko uku a rana.

Batun gasar kuwa, lissafi ne. Daga ɓullowar 'yan kawuna zuwa tsinka kwana uku ne zuwa biyar, kuma da an tsinke ba ya jimawa yake yamushewa. Ki ƙirga mako biyar baya daga ranar alƙalai, ki raba ledojin kashi uku, kwana uku-uku a tsakani, wani kashin zai dace. Ni da ni ce, da ledar sukutum zan kai a gani yana tsirowa. In an sa gasar a Afrilu, ki haƙura, zafin bazara ba zai bar naman kaza ba. Damina ce lokacinsa.

Wani manomi daga Funtuwa ya tambaya ko zai iya ɗebo wanda ke fitowa a gindin bishiya da damina ya yi iri da shi.

A'a, Malam. Mai guba da na ci suna kama sosai, wasu kuma hanta suke lalatawa, dafuwa ba ta kashe gubarsu. Ka sayi iri a wurin da aka san aikin.