Amurka da China na kokawa kan ƙirƙirarriyar basira: me ya shafi ajinmu a Tahoua?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin tarihi ne a wata lise a Tahoua. Ɗalibaina ƴan tarminal sun koma tambayar ChatGPT a waya kafin su buɗe littafi, wasu kuma DeepSeek. A rediyo ina jin cewa Amurka da China na rigima kan wannan fasaha. A kan me ake rigimar takamaimai? Mu kuma da ko wuta ba ta zauna mana ba, me ya kamata mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Manhajar da ke wayar ɗalibinka bakin famfo ce kawai. Rigimar tana can baya, wajen rijiya da injin da ke jan ruwan.

Injin shi ne ƴan ƙwayoyin lissafi da ake kira cip. Kamfanin Nvidia na Amurka ne ke zana mafi ƙarfinsu, TSMC na Taiwan ke ƙera su, na'urar da ke buga zanen mafi siranta a kansu kuwa kamfani ɗaya tak ke yin ta a duniya, ASML na ƙasar Holan. Wanda ya riƙe waɗannan ƙofofi uku ya riƙe maƙogwaron sana'ar. A Oktoban 2022 Amurka ta hana sayar wa China manyan cip irin su A100 da H100, ta ƙara tsanantawa a 2023, kuma tun daga nan dokar ke ta sauyawa, yau a sassauta gobe a ɗaure. China, wadda tun 2017 ta sa wa kanta wa'adin zama jagora a fannin kafin 2030, ta rama da abin da ke hannunta: a Agustan 2023 ta taƙaita fitar da ma'adinan galiyom da jamaniyom. Sai a Janairun 2025 kamfanin DeepSeek na China ya fito da manhajar da ta yi kafaɗa da na Amurka a kan kuɗi kaɗan, har darajar hannun jarin Nvidia ta faɗi da kusan dala biliyan 600 a yini guda.

Ka lura da batun wuta, tun da ka ambace ta. H100 guda ɗaya na iya cin wat 700. Kamfanin Meta ya ce ya yi amfani da guda 16,000 wajen horar da babbar manhajarsa ta Llama 3.1. Lissafa: sama da megawat 11 ke nan, ban da sanyaya ɗakunan. Tashar hasken rana ta Malbaza megawat 7 ce, ta Gorou Banda a Yamai 30. Kuma kowa ya tuna duhun da aka sha lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta a Agustan 2023. Don haka duk wanda ya zo yana cewa Nijar za ta gina irin wannan babban injin nan da shekara biyu, a tambaye shi inda zai samo wutar. A wannan fage ba mu da kokawa, kuma ba abin kunya ba ne. Ƙasashen Turai da dama ma ba su da ita.

Inda muke da abin kamawa shi ne ruwan rijiyar, wato rubutu da muryoyi da kawunan mutane. A nan nake so ka tsaya.

Waɗannan manhajoji daga rubutun da aka ɗura masu suke koyo. Aikinsu hasashen kalmar da za ta biyo baya, bisa abin da suka fi gani. Meta da kansa ya bayyana cewa a rubutun da aka horar da Llama 3 da shi, abin da ba Ingilishi ba ya ɗan haura kashi 5 cikin 100 ne kawai, kuma harsuna sama da 30 ke raba wannan ɗan kason. Ka ƙiyasta rabon Hausa, balle Zabarmanci ko Tamajak. Sakamakon yana bayyana a ajinka. Ka tambayi manhaja juyin juya halin Faransa na 1789, za ta zubo maka kamar ruwan kwando. Ka tambaye ta sarakunan Adar, ko yadda ta kaya a Lugu tsakanin Sarauniya Mangu da rundunar Voulet da Chanoine a 1899, sai ta cike gurbin da ba ta sani ba da abin da ya yi kama da gaskiya, cikin murya ɗaya, ba gezau. Ba ta jin kunya, shi ya sa yaro ke yarda da ita. Har haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, sau da yawa injin kan farfasa kalmar da ke ɗauke da su gutsi-gutsi, kuma da gutsin ake lissafin kuɗi. Magana ɗaya ta fi tsada da Hausa a kan Ingilishi.

Kowane ɓangare kuma yana da inda yake rufe baki da inda yake buɗe kunne. DeepSeek kan kauce wa tambaya a kan abin da ya faru a dandalin Tiyananmen a 1989, kuma abin da aka rubuta masa a China ake ajiye shi. Kamfanonin Amurka kuwa wata doka ta 2018 ta ba hukumomin ƙasar damar neman bayanan da ke hannunsu ko da a wata ƙasa aka ajiye. Ɗalibin tarihi ya kamata ya san wannan kamar yadda ya san wanda ya rubuta rahoton kwamandan mulkin mallaka da dalilin rubuta shi.

Ilimi kansa ya daɗe da zama makamin diflomasiyya. Gurbin karatu kyauta, ko daga Faransa, ko China, Rasha, Turkiyya ko Maroko, jari ne: wanda ka koyar da harshenka da kayan aikinka, gobe su zai saya wa ma'aikatarsa. Mun ga ɗaya fuskar a 2023, da aka dakatar da bizar ɗaliban Nijar da Mali da Burkina zuwa Faransa, yara da takardun shiga jami'a a hannu suka rasa tudun dafawa. Abin da aka yi da biza ana iya yin sa da manhaja, a rufe ta da dare ɗaya. Yarjejeniyoyin duniya, irin shawarar UNESCO ta Nuwamban 2021 da tsarin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a Akara a Yulin 2024, suna da kyau a takarda, amma ba su da ɗan sanda.

To, me za ka yi ranar Litinin?

Hana su ba zai yi ba, wayar tana aljihu. Ka mai da manhajar abin bincike. Zaɓi tambaya 20 daga tsarin karatun bak waɗanda ka san amsarsu sarai: 10 na tarihin duniya, 10 na gida, kamar boren Kawsan a Agadas a 1916, ko mai da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Raba ajin gida biyu, waɗannan su tambayi ChatGPT, waɗancan DeepSeek, sau ɗaya da Faransanci, sau ɗaya da Hausa. A zana layi uku a allo: daidai, kuskure, ƙirƙira. Duk amsar da ta ambaci littafi, a nemo littafin a riƙe shi a hannu, don manhajar kan haɗa sunan marubuci na gaske da littafin da bai taɓa rubutawa ba. A kan Adar, a auna ta da binciken Farfesa Djibo Hamani, wanda jami'ar garinku ke ɗauke da sunansa. Awa biyu sun isa, kuma yaron da ya kama injin da ƙarya da hannunsa ba ya sake haɗiye maganarsa ba tauna.

Kada a saka sunayen ɗalibai, makinsu, hotunansu ko tambayoyin jarrabawar da ba a yi ba a cikin kowace manhaja ta kyauta. Abin da ya shiga ba ka iya janye shi. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane da hukumar da ke kula da ita, kuma makaranta ma tana ƙarƙashinta.

Idan makarantarku na da ɗan hali, akwai manhajojin da ake saukewa a yi aiki da su ba intanet. Mai ma'auni biliyan 7 ko 8 (lambobin da ake auna girman manhaja da su), in an matse ta, kusan giga 5 take ci, kuma kwamfuta mai giga 16 na ƙwaƙwalwar aiki tana ɗaukar ta. Ba wanda zai rufe maku ita daga waje. Sai dai a san iyakarta: Faransancinta ya fi Hausarta nesa ba kusa ba, kuma ta fi manyan manhajojin yawan kuskure. Abin da ke kashe irin wannan shiri a yankinku ba ya wuce uku: zafin Afrilu da Mayu da ke haura 40, ƙurar hunturu da ke toshe fankar kwamfuta, da wuta mai hawa da sauka. A tanadi batir da na'urar daidaita wuta tun kafin a sayi kwamfutar, a ɗora ta a kan tebur nesa da taga, a busa mata ƙura duk wata.

Abu na ƙarshe ya fi ƙarfin aji, amma malamai ne ya kamata su ɗaga murya a kansa. Tun da kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a Maris na 2025 ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, masu neman rubutu da muryoyin Hausa za su ƙaru. A Yamai akwai dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami a cibiyar bincike ta IRSH, akwai faifan tarihin baka a cibiyar CELHTO, akwai rumbun rediyon ƙasa. Duk wanda ya zo da tayin ɗaukar hotonsu kyauta, a rubuta masa a kwantiragi cewa cikakken kofi zai zauna a Nijar, ba zai sayar wa wani ba sai da izini, za a ambaci masu abin, ɗaliban jami'ar Abdou Moumouni da ta Tahoua za su yi aikin tare da shi daga farko har ƙarshe, kuma manhajar da aka gina da kayan za ta buɗu ga makarantunmu ba da kuɗi ba. In ya ƙi sharaɗin farko, kada a buɗe masa akwatin.