Amsa kan raya daren Maha Shivaratri

Malam, ka tambayi yadda mabiya Hindu ke raya wannan dare na bautar Shiva, ɗaya daga cikin manyan allolinsu. A Fabrairu ko Maris yake faɗowa, dare na 14 bayan cikar wata. Da azumi suke wuni, wasu kan sha madara da 'ya'yan itace, ban da hatsi. Daren kashi 4 ne, kowanne kusan awa 3: na farko a zuba wa dutsen da ke wakiltar Shiva madara, sai kindirmo, man shanu, zuma a ƙarshe. Tsakani a ja carbi mai ƙwaya 108.

Wajen yin yoga a wannan dare, wato motsa jiki da sarrafa numfashi, ake kuskure. Motsi mai tsanani da ciki wayam jiri yake kawowa. Zama da miƙaƙƙen baya da jan numfashi a hankali ya isa, don mai jingina da bango wajen ƙarfe 2 barci ne zai sace shi.