Amsa: wace bindiga ce za ta jure farautar daji mai nisa?

Malam, tunda ka ce dajin ya yi nisa da maƙeri, nemi mai baki ɗaya ko biyu wadda ake karyawa a sa harsashi, lamba 12 (ma'aunin faɗin bututun ke nan). Kayan cikinta kaɗan ne, ga harsashinta da sauƙin samu. Bindiga ƙirar Baikal ta Rasha ta yi suna wajen ƙarko.

Kafin ka biya, cire katakon gaba ka girgiza ta a rufe. In bututun yana motsi, makullin ya lalace, bar ta. Leƙa cikin bututun a haske, ka duba ramukan tsatsa ko kumburi. Karanta tsawon ɗakin harsashi da ke rubuce a jiki: mai milimita 70 ba a sa mata na 76, don matsin yana wuce ƙima.

Da hunturu rage mai, ƙura na haɗuwa da shi ta cinye ƙarfe. Riƙe allurar bugu (ƙarfen da ke bugun harsashi ya tashi) da sifirin na ajiya. In bakin ya taɓa laka, kada ka harba sai ka share, toshewa ce ke fasa bututu. Ga zabo da fakara, ƙwaya lamba 6 (girman ƙwayoyin da ke cikin harsashi) ta isa. Lasisin 'yan sanda kuwa, fara da shi.